Kakar da Aka Yanke Tun Ba Ta Nuna Ba

Daga shirinmu na wasanni na ranar Asabar, an ɗan taƙaita shi domin masu karatu.

 Gaisuwa ga na Madani da Barakat da Hasahisa da Manakil, da na Sinnar da Maiurno har zuwa Damazin, da 'yan uwa masu kama mu daga ƙetaren iyaka, da waɗanda gudun hijira ya kai inda ba su taɓa zaton za su kwana ba. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A makon jiya wani saurayi daga wani kambo da ke kudu da Madani ya turo mana saƙon murya. Ya ce ya ga bidiyo a wayar abokinsa: wasu ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa musu matashin kai, suna ta ture juna a cikin wani zaure mai rufi, ƙwallon kuma dogo ne kamar gwanda. Ya ce, "Don Allah wannan wasa ne ko faɗa? Kuma wai ana biyansu?"

Tambayar farko ta ba ni dariya. Ta biyun kuwa da ita na kwana. Domin da na bi sawun amsarta, sai ta ɗauko ni daga Amurka ta dire ni a ƙofar filin wasa na Madani. To ɗan uwa, gyara zama, yau kai ne ka zaɓa mana abin tattaunawa.

Ƙwallon zaure

Abin da ka gani ƙwallon Amurka ne, amma na cikin zaure. Asalin wasan a fili ake yinsa, mutum 11 kowane ɓangare, ana ɗaukar ƙwallo da hannu a ruga da shi ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuma su kayar da kai. A shekarar 1981 wani mutum mai suna Jim Foster ya je kallon ƙwallon ƙafa na cikin zaure a birnin New York, sai tunani ya zo masa: me zai hana a matse wasan nasu shi ma ya shiga ɗaki? Nan take ya zana tsarin a bayan ambulan. A 1987 aka buɗe gasar da ake kira Arena Football League da kulob huɗu kacal.

Filin yadi 50 ne, wato kamar mita 46, rabin na waje ke nan. Mutum takwas takwas ake yi. An kewaye filin da katanga mai laushi, shi ya sa ka ga ana haɗa mutum da bango. A can ƙarshen fili akwai manyan raga, idan ƙwallo ya buge su ya dawo, wasa bai tsaya ba. 'Yan kallo kuwa suna daf da 'yan wasa, har ɗan wasa yakan faɗo kan cinyar mai kallo.

Ana biyansu? Ana biya, amma ba irin kuɗin babbar gasarsu ta NFL ba. Yawancinsu samari ne da babbar ƙofa ta rufe musu, suna nan suna jira ko za a sake buɗewa. Akwai wanda aka buɗe wa. Kurt Warner ya taɓa aikin jera kaya a kanti da dare, ya buga wa Iowa Barnstormers a zaure daga 1995 zuwa 1997, sannan a watan Janairun 2000 ya ci kofin Super Bowl da kulob ɗin Rams, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Labarinsa shi ne abin da kowane yaro a wannan gasa yake mafarki.

Amma ga ɗaya gefen. An soke kakar 2009 ɗungurungum saboda bashi. Aka dawo a 2010, aka sake durƙushewa a 2019. A 2024 wasu suka ce sun farfaɗo da gasar, aka fara a ƙarshen Afrilu da kulob 16. Ba a yi wata guda ba kulob suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan wasa suna kukan ba a biya su ba, aka tuɓe shugaban gasar ana tsakiyar kaka. Da kusan rabin kulob ɗin aka lallaɓa aka kai ƙarshe, Billings Outlaws ta doke Albany Firebirds a wasan ƙarshe da aka buga a cikin wani katafaren rukunin kantuna a jihar New Jersey. An ɗaga kofi, an ɗauki hoto. Wanda kulob ɗinsa ya rufe a mako na uku fa, yana ina a hoton?

Ka ji, a ƙasar da babu harbi, babu shingen bincike a hanya, kaka ta iya rushewa. To ina ga tamu?

Me ake nufi da kaka?

Mu Hausawa da kalma ɗaya muke kiran lokacin girbi da zangon wasa: kaka. Larabawan da muke zaune da su ma haka suke cewa, mausim. Kuma wallahi babu wanda zai fahimci wannan kalma kamar mutumin Jazira.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, manomin Jazira ya san kaka ba ranar tsinkar auduga ce kawai ba. Ruwa zai taso daga Sinnar ta babbar tur'a, ya rabu zuwa ƙanana, ya shiga abu ishirin, daga nan abu sitta, sannan ya sauka a hawasha. In ciyawa da laka suka toshe abu ishirin ɗinka, ko madatsar ta cika ta batse, dawarka bushewa za ta yi. Kakanninmu da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, wasu a kan hanyar Makka, wasu a ayarin da ya biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da hannunsu suka yi ta yasar waɗannan magudanai. Sun san ƙaramar hanyar ruwa ita ke ciyar da gida.

Kakar ƙwallo ma haka take. Alkawari ce. An rubuta jadawali cewa ran kaza kulob kaza zai je gari kaza. Sai hanya ta biyu, sai mota ta samu mai, sai alkalin wasa ya zo, sai an biya yaro abin da aka ce za a ba shi, sai mai shayi da mai gyaɗa sun kafa a bakin ƙofa. Hilal da Marikh su ne madatsar. Kulob ɗin garuruwa su ne tur'a. Ƙungiyar unguwarku da dafurin da kuke bugawa bayan la'asar, su ne abu sitta. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Madani ba baƙuwar ƙwallo ba ce

Ga yaranmu da ba su sani ba, da masu sauraronmu na Nijar da Najeriya: a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, a nan kuma aka buga kofin Afirka na farko. Da gasar ta dawo Sudan a 1970, birane biyu ne suka karɓi baƙi, Khartum da Wad Madani. Masar da Gana da Gini da Kwango Kinshasa, duk a Madani suka buga wasannin rukuninsu. Sudan ta doke Gana da ci 1 da nema a wasan ƙarshe, kofin Afirka ɗaya tilo da ƙasar ta taɓa ci ke nan.

A 2011 aka sake kawo mana gasar 'yan wasan da ke bugawa a gida, wato CHAN, kuma rukunin da Nijar take ciki a Madani ya zauna. Ina ɗan yaro lokacin, kawuna ya ɗora ni a bayan babur ya kai ni. Abin da ban manta ba, ina maƙale da waya a bakin fili sai na ji wani ɗan wasan Mena ya daka wa ɗan uwansa tsawa da Hausa. Kai! Ranar dattawan da ke kusa da mu sai da suka miƙe tsaye. Nijar ta fito daga rukuni, ta haɗu da Sudan a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, aka je bugun fanareti Sudan ta wuce. A gidaje da yawa na Jazira ranar ba a san wa za a yi wa murna ba, wa za a yi wa jaje.

Garin yana da Ahli, tsohon kulob da magoya bayansa ke yi wa kirari da Sayyidul Atyam, wato uban kulob duka. Yana da Ittihad, yana da Jaziratul Fil. Sai dai gaskiya ɗaya ce: tun 1992 da Hilal ta Bur Sudan ta ci gasar ƙasa, kofin bai sake fita daga hannun manyan Umdurman biyu ba. Kulob irin na Madani su ne suke rainon yara, su ne suke cika jadawali, manya kuma su zo su saye wanda ya nuna.

Ranar da busa ta tsaya

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF. Gasar Mumtaz tana tafiya a lokacin. Tsayawa ta yi cak, kamar auduga da aka yanke wa ruwa tana fure.

Watanni takwas Madani ta zama inuwar masu gudu. Dubban ɗaruruwan mutanen Khartum suka sauka a makarantu da gidajen 'yan uwa. Sai a tsakiyar Disambar 2023 wutar ta tsallako ta wajen gadar Hantub, garin ya faɗa hannun RSF, waɗanda suka ba da masauki su ma suka zama masu neman masauki. Sai ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka sake shiga garin. Abin da ya faru a ƙauyuka da kanabi kafin wannan rana da bayanta, ku da kuka gani kun fi ni sani, kuma ba shirin wasanni ne zai iya ɗaukarsa ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

To me ya sami kaka?

Manya suka ɗauki tasu a ka suka tsallaka iyaka. Hilal da Marikh suka shiga gasar Mauritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, abin da ba a saba gani ba a Afirka. Hilal ma ita ta ƙare a saman tebur a can, ta kuma kai zagayen kulob takwas a gasar zakarun Afirka, tana karɓar baƙinta a Nuwakshot. Ƙungiyar ƙasa a hannun Kwesi Appiah, mutumin Gana, ta mayar da Libiya gida. A Oktoban 2024 ta doke Gana 2 da nema a Bangazi. Wata guda bayan haka Nijar ta zuba mata 4 da nema, ai 'yan uwa na Maraɗi ba za su yafe mini ba in ban faɗa ba. Duk da haka Sudan ta samu tikitin kofin Afirka na Maroko da aka fara ranar 21 ga Disamban 2025. A watan Agustan 2025 kuma, a gasar CHAN, ta lallasa Najeriya 4 da nema a Zanzibar, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Na Kano, haƙuri, ƙwallo ne.

Waɗannan nasarori sun sanyaya zukata, ba na raina su. Na san gidajen da aka taru a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi aka yi ihu kamar ba a cikin sansani ake ba. Amma ka lura da wani abu. Wannan duk labarin madatsa ne. Yaron da ke buga wa kulob ɗin rukuni na biyu a Madani, babu jirgin da ya zo ɗaukarsa. Wani ya koma tura baro a kasuwar Gadarif, wani yana haƙar zinariya a arewa, wani ya bi hanyar Libiya, wani kuma an miƙa masa bindiga. Ɗan wasa ba shi da shekaru da yawa a ƙafarsa. Wanda yake da 19 ranar da aka tsaya, a ƙarshen 2025 yana neman 22, kuma shekarun da ake gane ɗan wasa ke nan suka wuce ba wanda ya gan shi.

Kaka ta wata guda

A watan Yulin 2025 aka yi abin da za a iya. Hukumar ƙwallon Sudan ta tara kulob takwas a jihar Kogin Nilu, a Atbara da Damar da Barbar, aka buga gasar da ba ta cika wata ɗaya ba. Kamar mutumin nan na Amurka da ya matse fili ya shiga zaure, mu ma matse kakar muka yi ta shiga inda ake da lafiya. Hilal ta ci, Marikh ta biyo. Amma abin da ya sa na ɗaga murya a nan ɗakin watsa shiri shi ne Ahli Madani. Kulob ɗin da garinsa bai fi wata shida da fitowa daga mamaya ba, ya je ya samo gurbin gasar kofin ƙalubale ta Afirka. Sun haɗu da Etoile du Sahel ta Tunisiya, sun fita a zagayen farko, amma an rubuta sunan Madani a jadawalin Afirka.

Daga nan sai aka ji Ruwanda ta amince kulob uku na Sudan su shiga gasarta ta kakar 2025 zuwa 2026: Hilal, Marikh, da Ahli Madani. Biyun farko suka koma Kigali. Ahli kuwa daga baya ta janye. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, zaman wata da watanni a ƙasar wani, da masauki da abinci da albashi da kuɗin jirgi, kaya ne da sai mai ƙarfin wuya. Madani ba za ta iya yin hijira da kakarta ba. Ko ta shuka ta a gida, ko ta rasa.

Kuma ko manyan ma, daga ina za su samo 'yan wasan shekara biyar masu zuwa? Ba a Kigali ake haifarsu ba. A bayan makarantar firamare ta unguwarku suke, babu takalmi.

To me ke hannunmu?

Ba ni da ikon gyara filin Madani, kai ma ba ka da shi. Amma yasar abu sitta ba a jiran injiniya daga Barakat. Ga abubuwa huɗu, don Allah a isar wa wanda bai ji ba.

Na farko, kuma shi ne mafi girma: kada a saki yara a filin da ba a bincika ba. Inda aka yi yaƙi, akwai harsasai da gurneti da rokoki da ba su fashe ba, suna kwance cikin ciyawa da bakin tur'a. Yaro ya ga ƙarfe ya ɗauka abin wasa ne. Kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a ɗauka a kai wa mai sayen ƙarfe. A sa alama daga nesa, a kori yara, a sanar da hukuma. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan ma ba shi da magani.

Na biyu, a fara da ƙarami, amma a gama. Darasin da na ɗauko daga zauren Amurka ke nan: kulob huɗu da suka kai ƙarshe sun fi 16 da suka watse a hanya. Kun san gasar dare ta watan Ramadan al'adarmu ce. Unguwa huɗu ko ƙauye shida sun isa. Mutum biyar biyar ma wasa ne in fili ya yi kaɗan. A rubuta jadawali a manna a bakin masallaci ko wajen mai shayi. Wanda aka ba ajiyar kuɗin ƙwallo da riguna, ya karanta lissafi a gaban jama'a. Kada a yi alkawarin rago in kaza ake da ita.

Na uku, kada a ware kowa. Ɗan kambo da ɗan gari, Bahaushe da Balarabe da Bafulatani da mutumin Darfur, da wanda ya gudu da wanda ya zauna. Yaƙin nan ya shuka zargi tsakanin maƙwabta, kowa ya sani. Fili na cikin wurare kaɗan da za a tsaya kafaɗa da kafaɗa ba sai an tambayi asalin kowa ba. In muka shigo da wariya cikinsa, gara ma a bar ƙwallon.

Na huɗu, gare ka kai mai ƙafa. Za su zo maka, in ma ba su riga sun zo ba ta WhatsApp. Wani zai ce yana da kulob a Libiya ko Masar ko ƙasashen Larabawa na Gabas, kawo kuɗin biza da na gwaji. Ka sani dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Wakili na gaskiya yana da lasisi, kulob na gaskiya yana aiko da takardar gayyata da sunansa. Kada ka miƙa fasfonka ga kowa. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba a gaban babanka ko yayanka. Kada mahaifiyarka ta sayar da 'yan awakin da yaƙi ya bar mata saboda muryar da ba ku taɓa ganin mai ita ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Kuma ko Kurt Warner da na ba ku labari, yana jiran ƙofa ta buɗe yana riƙe da aikinsa na kanti. In kana da hawasha ko sana'a ko makaranta, riƙe ta da hannu biyu, ka buga ƙwallonka da yamma.

Ɗan uwa mai tambaya, ka ce wasa ne ko faɗa. Wasa ne, kuma ana biyansu in kakar ta kai ƙarshe. Namu ma haka ne.

Yanzu ni ma ina da tambaya gare ku. A ƙauyenku ko unguwarku, an dawo buga ƙwallo? An duba filin? Wa yake riƙe da busa? Ku turo mana saƙon murya kamar yadda kuka saba, ku faɗi sunan garin, mu kuma za mu karanta sakamakonku a nan, a jere ɗaya da na Hilal da Marikh. Na yi muku wannan alkawari.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba rukunin Sudan a Maroko a 2025, inda ta kara da Aljeriya da Burkina Faso da Ikwatoriyal Gini. Kafin nan, Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba manoman alkama ruwa a kan kari.